Yadda Malamin Turanci Zai Shigar da Batun Muhalli Cikin Darasinsa

Duk wanda ya koyar da Turanci a sakandare a arewacin Najeriya ya san shirun da kan rufe aji idan aka ce yara su yi magana. Akan ɗora laifin a kan kunya ko ƙarancin kalmomi. Amma akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: ana so yaro ya yi magana da harshen da bai ƙware ba, a kan abin da bai taɓa gani ba. Kaya biyu ke nan a kansa lokaci guda. In aka sauke masa ɗaya, aka ba shi batun da ya sani ciki da bai, ɗayan sai ya yi masa sauƙin ɗauka.

Babu kuwa abin da yaranmu suka sani kamar muhallinsu. Yarinyar da ke ɗebo ruwa kafin ta tafi makaranta ta san watan da rijiya ke ƙafewa. Yaron da ke bin mahaifinsa gona ya san inda rairayi ya fara cin shuka. Ɗan birni ya san kwatar da ke toshewa da leda kowace damina. Suna da abin faɗa, harshen faɗarsa suke nema, shi kuma malamin Turanci aikinsa ke nan. Tun a shekarar 1977, a taron da hukumar UNESCO ta shirya a birnin Tibilisi, aka amince cewa ilimin muhalli ya ratsa darussa daban-daban, kada a killace shi a darasi guda, kuma ya kai ɗalibi ga aiki, kada ya tsaya a kan sani kawai. Ga yadda za a yi hakan a ajin Turanci ba tare da an ƙara awa ko an saki manhaja ba.

Matakin farko: a fara daga tsarin aikin zango

Harshe ne a gaba, muhalli yana biye. Malami ya ɗauko tsarin aikin zango, ya ja layi uku a takarda. A layin farko ya rubuta mako, a na biyu abin da manhaja ta ce a koyar, a na uku batun muhallin da zai ɗauki wannan darasin. In manhaja ta ce wasiƙa zuwa ga hukuma, sai wasiƙar ta kasance a kan jujin da ke bayan makaranta. In ta ce taƙaitawa, sai rubutun da za a taƙaita ya yi magana a kan ambaliya. Ba a cire komai ba, abin da ke cikin jumlolin kawai aka sauya.

Wannan ita ce amsar da malami zai ba shugaban makaranta ko iyayen da ke fargabar jarrabawa. WAEC da NECO suna auna insha'i, aunin fahimta, taƙaitawa da nahawu. A insha'i akan ba da zaɓi tsakanin wasiƙa, maƙalar jarida, jawabi, muhawara da labari, kuma WAEC na neman kalmomin da ba su gaza 450 ba. Abin da ke kayar da yara da yawa a nan shi ne su rasa abin rubutawa bayan sakin layi biyu. Ɗalibin da ya shafe zango yana tattara hujjoji a kan abin da ya gani da idonsa ba zai rasa ba.

Mataki na biyu: zaɓen batu

Kafin a ɗauki batu, a yi masa tambaya uku. Yara suna ganinsa a hanyarsu ta zuwa makaranta? Akwai wani a gida da za su iya tambaya a kansa? Akwai wani abu, komai ƙanƙantarsa, da za su iya yi game da shi? In amsa ta zama i sau uku, batun ya dace.

Saboda haka batun makaranta ɗaya ba lallai ya yi wa wata ba. A arewacin Yobe, wajen Yusufari, tudun rairayi da kwararowar hamada ne. A fadamun Haɗeja da Nguru, kachalla ce da ke toshe hanyoyin ruwa tana hana noma da su. A Kano, leda da kwatoci ne, da kududdufan da aka cike aka yi gini, da gurɓataccen ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa. A garin Gwambe zaizayar ƙasa ce. A Maiduguri babu yaron da zai manta da ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024. Labarin narkewar ƙanƙara a ƙarshen duniya yana da muhimmanci, amma sai daga baya, bayan yaro ya iya bayyana abin da ke ƙofar gidansu. Daga kusa ake tafiya nesa.

Mataki na uku: tanadin abin karantawa

Littafin aji ba zai wadatar ba. Malami zai riƙa rubuta gajerun labarai da kansa, kalmomi 200 zuwa 300, ko ya ɗauko rahoto daga jaridar Turanci kamar Daily Trust ya sauƙaƙa shi. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara ma abin karatu ne mai kyau, musamman ga 'ya'yan manoma. Wajen sauƙaƙawa, sababbin kalmomi kada su wuce takwas zuwa goma, kowace ta maimaitu aƙalla sau biyu, a gajarta jumloli, amma a bar shekaru da lambobi yadda suke, domin a kansu ake gina tambayoyin aunin fahimta.

Ga labarai na gaskiya da suka isa zango guda:

Tafkin Cadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Labarin ya dace da darasin kwatanta da da yanzu.

Sassabin zamani a Maraɗi. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsirran da manoma ke sassabewa a gona ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen bishiyoyi masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin 'yan rassa mafiya ƙarfi a kowane kututture suna datse saura. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200.

Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya inganta tsohuwar dabarar haƙa ramuka a faƙo a zuba taki, wadda ake kira zayi a can, tassa a Nijar, har ya mayar da busasshen fili daji. Ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen bishiya a 1977, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. 'Yan mata suna buƙatar jin wannan.

Gubar dalma a Zamfara. A 2010 aka gano cewa niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ya watsa ƙurar dalma da ta halaka yara fiye da 400.

Ana iya ƙarawa da shirin ganuwar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda ya shafi jihohi 11 na arewacin Najeriya. Ko dokar hana leda da Ruwanda ta kafa a 2008, Kenya kuma a 2017.

Mataki na huɗu: haɗa nahawu da batun da ya dace da shi

Nan ne gwanintar malami take. Kowace ƙa'idar nahawu tana da irin maganar da ke janyo ta da kanta, kuma batun muhalli yana da gurbi ga kusan dukansu.

Don koyar da lokacin sabo, wato abin da ke faruwa kullum, a bayyana halin bishiya. Gawo misali ne da ba ya tsufa, domin ya saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. "The gawo tree sheds its leaves in the rainy season." Daga nan kowane ɗalibi ya yi jumla uku a kan kuka, tsamiya, ɗorawa, aduwa ko giginya.

Don abin da ya kasance a da amma yanzu babu: "There used to be a pond behind the market." Yara su cika allo da abin da manyansu suka ce akwai shi a da.

Don jumlar sharaɗi: "If we block the drains, the street will flood." Ana iya mayar da ita wasan sarƙa: ɗalibi na farko ya faɗi jumlarsa, na biyu ya ɗauki ƙarshenta ya fara tasa da shi, har sarƙar ta zagaye layi. A nan yara ke gane yadda wata matsala ke haifar da wata.

Don jumlar da ake ɓoye mai aikatawa: "Plastic bags are thrown into the gutter." Bayan an ƙware, malami ya tambaya: wa ya jefa? Sai a juya jumlar, mai aikin ya fito fili. Darasin nahawu ne, kuma darasi ne na ɗaukar alhaki.

Don ba da rahoton maganar wani: "My grandmother said that the well had never dried up before." Don umarni da jeranta matakai: yadda ake dasa bishiya ko haɗa takin gargajiya, mataki bayan mataki. Don shawara da wajibci: abin da ya kamata mai unguwa ya yi, da abin da ya zama dole 'yan aji su daina.

A gefen allo a manna kwalin kalmomi da ke ƙaruwa mako-mako, yara ne ke rubutawa a kai, kuma kowace kalma ta zo da jumlarta.

Mataki na biyar: tsarin mako huɗu

Ga misalin da za a iya gwadawa da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ko aji ɗaya na babba, a kan batun bishiyoyi.

Makon farko na gani ne da tambaya. Bayan an koyar da kalmomin da za a buƙata, a fita harabar makaranta na minti goma sha biyar. Kowane rukuni ya ƙirga bishiyoyi masu rai, da kututture, da wuraren da babu inuwa. Gani ya kori ji. A dawo aji a mayar da ƙidayar jumloli. Sannan aji gaba ɗaya ya tsara tambayoyi biyar da Turanci waɗanda za a yi wa wani dattijo ko wata dattijuwa a gida: waɗanne itatuwa ne a garin nan sa'ad da kuke yara? A ina kuke samo itacen girki? Yaushe abin ya fara sauyawa? Jingar makon ita ce yin hirar. Da Hausa, Fulatanci ko Barbarci za a yi ta, amma da Turanci za a kawo rahotonta. A tuna wa yara su gaida manya yadda ya kamata, su nemi izini, su bayyana cewa aikin makaranta ne.

Mako na biyu na karatu ne. A karanta labarin Maraɗi, a amsa tambayoyin fahimta, a taƙaita shi cikin jumla uku. Sannan kowane rukuni ya kawo abin da ya jiyo daga gida, a gwama da abin da aka karanta. Yara kan yi mamakin ganin cewa maganar kakarsu ta zama hujja a aji, kuma wannan mamakin yana buɗe baki.

Mako na uku na magana ne. A shirya taron gari a cikin aji. Wani ya zama dagaci, wata ta zama uwar gida mai girki da itace, wani mai sayar da gawayi, wani manomi, wani makiyayi da ke sassabo wa dabbobinsa ganye da rani, wata jami'ar gandun daji. Batun taro: a hana saran itace a dajin gari ko kada a hana? Kowa ya sami katin da ke ɗauke da matsayinsa da jumlolin buɗe magana, na amincewa da na saɓawa cikin ladabi. Sharaɗi guda: kafin mutum ya mayar da martani, sai ya maimaita abin da na gabansa ya faɗa. Da haka sauraro ke shiga cikin darasin.

Mako na huɗu na rubutu ne da aiki. Kowane ɗalibi ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai, ko shugaban ƙaramar hukuma, yana bayyana abin da aka ƙirga, abin da dattawa suka faɗa, da abin da ake roƙo. A yi rubutun farko, a musanya da aboki ya duba, a sake rubutawa. Aji ya zaɓi wasiƙa mafi kyau, a gyara ta tare a kan allo, a aika da ita ta hannun shugaban makaranta. Aikawar nan ita ce ƙashin bayan tsarin duka. Yaron da ya san cewa wani babba zai karanta rubutunsa da gaske yakan duba kowane harafi ba tare da an matsa masa ba. A rufe makon da aikin hannu: kowane rukuni ya ɗauki kututture ɗaya mai toho ko dashe ɗaya, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya liƙa masa allon suna da Turanci, ya kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta jumla biyu duk mako a kan halin da yake ciki.

Babban aji da rashin kayan aiki

Ajin da ke da yara tamanin ko ɗari ba ya hana wannan aiki, sai dai ya buƙaci tsari. A raba su rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, kowane rukuni da shugaba, marubuci, mai lura da lokaci da mai gabatarwa. A riƙa juya muƙaman duk mako don kada baki ɗaya ya cinye magana, kuma a tabbata 'yan mata suna samun gabatarwa. In babu injin kwafi, a rubuta labarin a bayan tsohuwar kalanda ko kwalin da mai tireda ya gama da shi.

Shiftar gudu tana aiki sosai a irin wannan aji. A manna gajeren rubutu a bangon waje. Ɗaya daga kowane rukuni ya je ya karanta jumla, ya riƙe ta a ka, ya dawo ya faɗa wa marubuci, sannan wani ya tashi. Cikin minti goma an yi karatu, furuci, sauraro da rubutu da takarda ɗaya tak. Wayar malami ma ta isa: hoton kwata kafin ruwan sama da bayansa ya isa buɗe darasin kwatantawa.

Yadda za a ba da maki

Maki na harshe ne. A duba abu huɗu da masu gyaran jarrabawa ke dubawa: ƙunshiya, tsari, iya sarrafa harshe, da tsabtar rubutu. Ɗalibin da ya kare mai sayar da gawayi da hujja mai ƙarfi da Turanci mai kyau ya cancanci cikakken maki, ko da malami na da wani ra'ayi. In yara suka fahimci cewa akwai amsar da malam ke so, za su haddace ta, a rasa tunanin a rasa harshen. Lokacin muhawara kuma kada a katse mai magana don gyara. A rubuta kurakuran da suka yawaita, a tattauna su a ƙarshe ba tare da kiran suna ba.

Abubuwan kiyayewa

Kada a tsorata yara. Duk labarin ɓarna ya zo da labarin gyara. A ajin da ambaliya ta taɓa ci wa wasu gida ko ta ɗauke musu ɗan'uwa, kamar yadda ta yi a Jigawa da jihohi da dama a 2022, kada a tilasta wa kowa ba da labarinsa. Wanda ya so ya rubuta, wanda bai so ba a ba shi wani batun.

Kada a ɗora laifi a kan talaka. Uwar da ke girki da itace ba ta da kuɗin gas ne. In darasi ya sa yaro ya koma gida yana raina sana'ar mahaifinsa, an yi hasara. Tambayar da ta dace ita ce: wace mafita ce mutum zai iya ɗauka da abin da ke hannunsa? Murhu mai cin itace kaɗan, datse reshe maimakon sare gindi, ware gandun itacen girki. Haka nan batun manoma da makiyaya: a tsaya a kan burtali, mashaya da filayen kiwo, kada a bari ya koma maganar ƙabila.

A tsare gaskiya. Ba kowace ambaliya ce sauyin yanayi kaɗai ya kawo ta ba; toshewar magudanai, gini a kan hanyar ruwa da rashin kula da madatsai duk suna da hannu. Malamin Turanci ya nuna wa malamin labarin ƙasa ko na aikin gona rubutunsa kafin ya kai aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kula da lafiya. Ba a sa yara kwasar shara da hannu tsirara, ba a tura su cikin kwata, ba a ƙona leda a harabar makaranta. Duk fita waje sai da izinin shugaba.

A jingina da abin da yara suka taso da shi. Sun ji a Islamiyya da coci cewa tsabta da dashen bishiya da kawar da abin cutarwa daga hanya ayyukan lada ne, kuma almubazzaranci da ruwa abin ƙi ne. Malami ba baƙon abu ya kawo ba.

Bin kalandar shekara

Zangon farko ya faɗo a kaka da farkon hunturu: lokacin maganar ƙona daji, ajiyar amfanin gona da ƙura. Zango na biyu ya ratsa hunturu zuwa bazara: zafi, inuwa da ƙarancin ruwa, ga Ranar Ruwa ta Duniya a 22 ga Maris. Zango na uku na damina ne: kwatoci, sauro, ambaliya da dashe, ga Ranar Muhalli ta Duniya a 5 ga Yuni da ranar yaƙi da kwararowar hamada a 17 ga Yuni. A waɗannan ranaku a nemi minti biyar a taron safe, ɗalibai su karanta jawabinsu a gaban makaranta. Dashe kuwa a bari sai ruwa ya zauna, kuma tun ranar a raba wanda zai riƙa ban ruwa in rani ya shigo, domin yawancin dashen makaranta a bazara yake mutuwa.

Ba sai an juya manhaja duka a zango ɗaya ba. Malami ya zaɓi aji ɗaya da batu ɗaya, ya gwada tsarin mako huɗu, ya ajiye rubutun farko da na ƙarshe na yara goma. A ƙarshen zango ya shimfiɗa su a gaban abokan aikinsa na sashen Turanci, su duba tsawon rubutun, da yawan hujja, da tsabtar jumla, sannan su yanke shawarar ajin da za a ƙara a zango mai zuwa. Yaran nan su ne za su gaji gonakin, da rijiyoyin, da unguwannin. Haƙƙinsu ne a kanmu su fita makaranta suna iya bayyana halin da ƙasarsu ke ciki, a rubuce da baki, ga duk hukumar da ke da ikon gyarawa.